Buhunan daddawar mahaifiyata da na jiƙa a bilic

Shekarun baya can, ina aji biyu a jami'a, na yi wa mahaifiyata wata ɓarna da ban taɓa ba ku labarinta ba. Jiya wata a cikinku ta tambaye ni wai me ya sa na zaɓi karatun ƙananan halittu, na ba ta irin amsar da ake bayarwa wajen neman aiki. Gaskiyar magana ban zaɓa ba, shi aka ba ni na karɓa. Amma lokacin da karatun ya shiga jikina da gaske ina tune da shi, kuma a tsakar gidanmu abin ya faru.

Mahaifiyata daddawa take yi. A wajen mahaifiyarta ta koya a ƙauye, da aure ya kawo ta Gyaɗi-Gyaɗi ta taho da sana'arta. Mahaifinmu ya rasu ina firamare, don haka duk abin da na samu, daga littafin rubutu har kuɗin adaidaita sahu zuwa makaranta, daga tukunyar kalwa ya fito. In ka shigo lungunmu ta titin gidan Zoo ba sai ka tambayi gidan ba, hancinka zai kai ka.

Ga wanda bai taɓa ganin yadda ake yi ba: kalwa, wato 'ya'yan ɗorawa, ake dafawa wuni guda cur har ta yi laushi. A surfe ta da toka ɓawon ya fita, a wanke, a sake dafawa da 'yar kanwa. Sai a tsane ta, tun da zafinta a juye a kwando, a lulluɓe da buhunan algarara, a kai ɗaki. Kwana uku ba mai taɓa ta. Ran na uku Umma takan zura hannu ƙarƙashin buhu, in ta ji ɗumi na tasowa kuma kalwar ta yi yauƙi, sai ta ce, "Ta tashi." Daga nan sai kirɓi da curi da shanya.

Buhunan nan su ne abokan gabata. Guda shida ne, sun yi baƙi, sun yi tauri, wasu sun girme ni. Umma ba ta taɓa sa musu sabulu ba. Ta kan karkaɗe su, in ta kama ta ɗauraye da ruwa zalla, ta shanya a kan katanga. In na yi magana ta ce, "Buhun daddawa ba ya son sabulu." In na ce don me, ta ce, "Haka na taras." Ni kuwa a lokacin babu amsar da ke ba ni haushi kamar haka na taras, don kaina ya fara ɗaukar hayaƙin boko.

Ba tsafta kaɗai ke damuna ba, gara in faɗa. Kunya nake ji. Wata rana a aji wata yarinya ta shaƙi iska ta ce, "Wa ya zo mana da miyar kuka?" Wataƙila ma ba da ni take ba. Amma daga ranar na mayar da hijaban makarantata gidan maƙwabta, can nake zuwa in saka. In aka tambaye ni sana'ar mahaifiyata sai in ce 'yar kasuwa ce, in canza hira.

A zangon nan ne aka koya mana wani darasi da ya burge ni ƙwarai. Akwai wasu bakteriya da in abinci ya ƙare musu ba sa mutuwa. Ƙwayar sai ta tattara abin gadonta wuri guda, ta tsotse ruwan cikinta, ta gina wa kanta ƙwanso ta shige ta yi barci. A aji spore ake cewa, ni a nan zan ce ƙwanso. Rigar waje ta ƙwanson nan da furotin ake gina ta, iri-iri masu yawa, hawa kan hawa. Wasu furotin ɗin aikinsu kawai su fara sauka su tsara wa 'yan'uwansu wurin zama, kamar babban magini da leburorinsa. In aka rasa waɗannan, rigar takan fito sako-sako ta saɓule. Can ciki akwai wasu ƙanana da ke manne wa abin gadon suna kare shi daga zafi da rana. Sannan akwai masu gadi, su ma furotin ne, aikinsu jira. Ko shekara nawa za a yi suna nan. Da sun ji alamar abinci sai su buɗe hanya ruwa ya shiga, wasu kuma su narkar da bangon daga ciki, ƙwanson ya tsage, ƙwayar ta fito ta ci gaba da rayuwa kamar jiya ta kwanta.

Malaminmu ya ce tafasa ta girki ba ta cika kashe su ba, sau da yawa ma zafin ne ke zaburar da masu gadin. In kana son ka gama da su, ko dai tukunyar matsin tururi ta asibiti, ko kuma sinadari mai ƙarfi irin bilic, a bar shi ya daɗe har ya cinye rigar furotin ɗin. Misalan da ya ba mu duk na tsoro ne: wata cutar dabbobi mai kisa, da gubar shinkafar da ta kwana aka ɗumama. Dangin nan sunansu Basilus. Na rubuta, na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Da aka zo aikin gwaji aka ce kowa ya kawo abin da za a duba, ƙasa ko ƙura ko wani abu. Na manta sam sai da zan fita, na ga buhu a kan katanga na fizgi zare guda na sa a takarda. A ɗakin gwaje-gwaje akwai wani dattijo mai kula da kayan aiki, duk muna ce masa Baba. Shi ya nuna mana yadda za mu jiƙa abin a ruwa mu ɗumama shi sosai don duk abin da ba shi da ƙwanso ya mutu, sannan mu shafa a faranti. Washegari farantan wasu ɗigo biyu, ɗigo uku. Nawa ya cika maƙil. Muka sa koren rini a kan tururi, na leƙa madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa, sai ga su nan birjik, korra-korra.

Baba ya leƙa ya ce, "Basilus ne, masu kyan gani kuwa. 'Yata, ina kika samo wannan?"

'Yan aji suna tsaye a kaina. Na ce, "Wani buhu ne na gani a bakin kasuwa."

Da na faɗi gaskiya a nan, da labarin ya ƙare a nan. Amma na koma gida da abu ɗaya a kaina: mahaifiyata tana lulluɓe abincin mutane da dangin cutar dabbobi, kuma ni kaɗai ce na sani. Ban gaya mata ba don na san amsar da zan samu. Sai Allah ya kawo rasuwa a ƙauyensu, ta tafi ta'aziyya kwana uku. Tana fita na sayo bilic. Na san ruwan zafi ba zai yi ba, ai na ci jarrabawar. Na cika baho, na danna buhunan shida da kwandunan, na ɗora dutse, na bar su wuni guda. Na ɗauraye, na shanya, washegari na maimaita don kada a samu mai saura. Ina yi ina jin daɗin kaina, ina ganin na ceci mutanen Gyaɗi-Gyaɗi ba su sani ba.

Da ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta hango su a ninke.

"Wa ya taɓa min buhuna?"

"Ni ce, Umma. Na ga sun yi ƙura na wanke miki."

"Da me?"

"Da ruwa kawai."

Ta ɗaga ɗaya ta duba, ta ga ya koɗe. Na ce rana ce, kwana biyu suka yi a shanye. Ta sansana ta yamutsa fuska ta ce, "Ruwan famfon nan naku har warin asibiti yake yi." Ta ajiye. Ba ta sake tambaya ba, don a saninta ban taɓa yi mata ƙarya ba.

Dafuwar farko, ran na uku ta zura hannu ta ji sanyi. Ta ƙara mata kwana. Kalwar ta ɗan motsa, amma da wani tsami-tsami da warin da ba nata ba, gefe guda har ya yi fumfuna. Aka zubar. Umma ta ce laifin kalwa ne, a wajen sabon mutum ta saya. Ni ma na yarda, don wallahi a lokacin ban taɓa tambayar kaina me ke mayar da kalwa daddawa ba. A zatona zafi ne da kanwa. Shekara ashirin ina cin arzikin abu, ga ni ɗalibar ƙananan halittu, amma ban taɓa haɗa biyun ba.

Dafuwa ta biyu ta je har wajen tsohon mai kalwarta, ta zaɓa da hannunta. Haka dai. Ta ce to ko kanwa ce. A nan ne wani abu ya fara sosa min zuciya, na ture shi. Masu zuwa saro da safe suka fara juyawa hannu rabbana. Wata mai tuwon sayarwa da ta shekara goma tana saye a wajenmu ta zo sau biyu, daga nan ba ta ƙara zuwa ba.

Dafuwa ta uku Umma ta canza kanwa, ta canza itace, ta canza ɗaki. Ran na uku da hantsi ina shara ta shiga. Ta daɗe. Da ta fito sai ta zauna a bakin ƙofa ta buɗe tafin hannunta na dama tana kallo, ta juya bayansa, ta sake juyawa.

"Hannuna ya mutu," in ji ta.

Na ce, "Haba Umma, wane irin mutuwa? Ga shi kina motsa shi."

"Ba za ki gane ba. Daddawa hannu take bi. Akwai wadda in ta lulluɓe sai ta tashi, akwai wadda ko me ta yi ba za ta tashi ba. Kuma hannu yana da wa'adinsa. Na mahaifiyata Iya ma haka ya yi. Sau uku ta dafa ta ƙi, ta kife tukunya. Ba ta kai damina biyu ba bayan nan."

Ba kuka ta yi ba. Da irin muryar da take cewa gishiri ya ƙare ta faɗa. Ta tashi ta wanke babbar tukunyar ƙarfen da take dafa kalwa, ta kife ta a jikin bango. Daga ranar ta rage cin abinci. Matar da ban taɓa gani a zaune da rana ba sai ga ta a tabarma tana jan carbi tun bayan azahar. Na tsorata sosai.

Washegari na ƙunsa lalatacciyar kalwar a leda, na haɗa da wani curin tsohuwar daddawa mai kyau da na samu a ƙasan gwangwanin kayan miya, na tafi wajen Baba. Na jira har ɗalibai suka watse, sannan na gaya masa komai.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "To shi buhun bakin kasuwar nan, yaya aka yi ya shigo gidanku?"

Na sunkuyar da kai.

Ya yi dariya har da tari. Da ya ga ba dariya ce ta kawo ni ba sai ya ja kujera ya zauna. "'Yata, dangi ɗaya ba hali ɗaya ba ne. Don an samu ɓarawo a zuri'a sai a ɗaure kowa? Waɗanda kika gani a madubi su ne masu yin daddawar. A cikin zaren buhun suke barci. In mahaifiyarki ta juye kalwa da zafinta, zafin ya riga ya kashe sauran ƙwayoyin da za su yi musu kutse, su kuwa rigarsu ta kare su. Masu gadin nan da kika rubuta a jarrabawa su ji abinci ya zo, su tashe su. Ɗumin da take ji a hannu aikinsu ne. Yauƙin nasu ne, ƙamshin ma nasu ne. In an kwashe an shanya buhu, su sake gina ƙwanso su kwanta sai wani zuwan. Ana samun kaɗan a jikin kalwar, amma bayan dafuwar wuni guda ba su kai su riƙe kwando su kaɗai da wuri ba. Rumbun yana cikin buhu. Ke kuma da yake ɗaliba ce mai ƙoƙari, da kika tashi kashe su kin kashe su da kyau."

Ya ce ba mamaki ma akwai sauran bilic a cikin zaren yana ƙara hana ruwa gudu. Na ce to yanzu yaya za a yi. Ya ce abu mai sauƙi: a ɗauraye buhunan da ruwa mai yawa, a samo tsohon buhu wajen wata mai daddawa a sa shi daga ciki, ko a marmasa tsohuwar daddawa mai kyau a barbaɗa. Dafuwa biyu ko uku sauran buhunan za su ɗauka.

Kun san me na fara tunani da na fito? Na ce alhamdu lillahi, zan gyara a ɓoye. In marmasa curin nan a cikin buhu ba wanda ya gani, daddawa ta tashi, Umma ta warke, ni kuma asirina a rufe. Har na ɗauraye buhunan da sunan na ga ɓera ya bi ta kai. Saura kawai ta dafa.

Sai ta ƙi dafawa. Na lallaɓa, na ce a gwada ko kwano ɗaya ne. Ta ce, "Ba a jayayya da ikon Allah. Kuma kalwa abinci ce, ba zan ƙara zubar da ita ba." Na ce to ni in dafa ta nuna min. Ta ce in je in yi karatuna. Kwana biyar ina zagaye-zagaye, ƙofa ɗaya ce ta rage kuma na san ta, ina dai tsoron shiga. Ran Juma'a da yamma ta ce gobe in raka ta Tarauni, za ta kai wa ƙanwarta tukunyar.

Ƙanwar mahaifiyata, wadda nake kira Inna, tana zaune bayan kasuwar Tarauni. Ita ma tana taɓa daddawa amma jifa-jifa, ɗinki ne sana'arta. Da safe muka tare adaidaita sahu, aka cusa tukunyar a tsakani, Umma na gefe ina gefe muna riƙe da kunnuwanta. Tafiyar ba nisa, amma sau uku ina buɗe baki ina rufewa.

Da muka shiga aka gaisa, Inna ta ga tukunya ta ce, "Yaya, lafiya? Wannan ai ta Iya ce."

"Taki ce yanzu. Ni na gama."

"Kin gama kamar yaya?"

Umma ta miƙa mata hannu kamar mai nuna ciwo. "Sau uku, ƙanwata. Kin san abin."

Na ga fuskar Inna ta canza, ta fara salati. Sai kawai na ji bakina yana magana. Na ce, "Umma, ba hannunki ba ne. Ni ce. Ba da ruwa kawai na wanke buhunan ba. A bilic na jiƙa su, sau biyu."

Na durƙusa na zayyana komai, da zaren da na fizga, da abin da na gani a madubi, da bayanin Baba. Ina yi ina kuka, ina cusa furotin da ƙwanso a ciki, ban san ko ana fahimtata ba. Inna ce ta fara magana. "Bilic? A buhun daddawa? Ke da ake ce mana kin fi kowa ƙwaƙwalwa a dangi? Lallai ƙaramin sani ƙuƙumi ne."

Umma ta juyo ta dube ni. Sannan ta ce, "Tun yaushe kika san shi ne?"

"Tabbas ɗin, kwana shida. Zargi kuwa tun dafuwa ta biyu."

"Kwana shida kina kallona."

Iyakar faɗan da ta yi min ke nan. Da ta ɗauki muciya ta kwaɗa min da ya fi min sauƙi.

Inna ta shiga ɗaki ta fito da wani buhu baƙi ƙirin ta ajiye a gabanta. Sai ta ce, "Yaya, ni fa yanzu nake tunawa. Shekarar da Iya ta kife tukunya, ba ita ce shekarar da gobara ta ci ɗakin girki ba? Ai sababbin buhuna babanmu ya sayo mata daga kasuwa."

Umma ta ɗaga mata hannu. "Bar wannan maganar. Allah ya jiƙan Iya." Ba a sake tayar da ita ba har yau. Ni ma ban san gaskiyarta ba, kuma babu mai iya sani yanzu.

Tukunya ta sake hawa adaidaita sahu, mai mashin ɗin da ya kawo mu ne ma muka sake tararwa a bakin kasuwa, ya ce, "Hajiya, ba a daidaita ciniki ba ne?" Har muka iso gida ba ta kalle ni ba.

Ran Litinin ta dafa. Ta ce tun da na iya taɓa kayan mutane, surfe nawa ne. Na surfa kalwa har tafina ya yi kanta. Ina cikin yi ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Su abubuwan nan naki, wuta ba ta cinsu?"

"Ba ta cika cinsu ba, Umma. Suna da riga."

"To me ke tashinsu?"

"In sun ji abinci. Da ɗumi, da laima."

"In kalwa ta jiƙe da yawa fa?"

"Iska ba za ta shiga ba, ba za su yi aiki sosai ba."

"In ta huce kafin a rufe?"

"Wasu ƙwayoyin za su riga su."

Ta gyaɗa kai. "To duk na san wannan. Sunansu ne ban sani ba."

Ita ta lulluɓe da kanta, buhun Inna daga ciki, koɗaɗɗun nata daga waje. Kwana ukun nan na fi ta shiga uku, don na san in ta ƙi tashi, babu Baba babu littafi da zai sake fitar da maganar hannu daga ranta. Ran Alhamis da hantsi ta shiga ɗakin, na tsaya a bakin ƙofa. Ta durƙusa ta yi bisimilla ta zura hannu. Ta bar shi a ciki, ta daɗe ƙwarai, fiye da yadda ake buƙata don a ji ɗumi. Ni daga inda nake tsaye warin ya riga ya iso ni, warin nan da nake gudu, ban taɓa jin abin da ya faranta min rai kamarsa ba.

Ta zaro hannun, yauƙi na bin yatsunta. Ta ce, "Ɗauko turmi."

Daddawar ba ta kai yadda take a da ba a karon farko, sai a dafuwa ta uku ta dawo daidai. Mai tuwo ma ta dawo, da ƙorafinta na cewa an sa ta cin daddawar kasuwa. Hutun da ya biyo baya gaba ɗaya ni ce mai surfe, na kuma kwaso hijabaina daga gidan maƙwabta, don dai na gaji da zirga-zirga, kada in yi muku ƙaryar cewa a rana ɗaya na zama mutuniyar kirki. Umma ta ƙara shekara tara tana daddawa kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ita. Tana nan da ranta, yanzu jikoki take wa faɗa.

Yau aikina a ɗakin gwaje-gwaje ne, kuma kusan kullum sai na kunna tukunyar matsin tururi na kashe irin ƙwansunan nan, don a wurin aikina kashe su ne daidai. Abin da na koya bai wuce wannan ba: na san yadda ake kashe abu tun kafin in tambayi me yake yi a wurin. Kuma haka na taras ɗin da nake rainawa, sau da yawa akwai dalili a ƙarƙashinta, mai faɗar ce kawai ba ta da madubi. Ba kowace al'ada ce daidai ba, akwai waɗanda har gobe zan yi musu da Umma a kansu. Amma yanzu nakan fara tambaya kafin in cika baho.

Shekaru bayan nan, ranar da na gama karatu ana 'yar walima a gida, Inna ta ja ni gefe muna wanke kwanuka. Ta ce akwai abin da ban sani ba. Tun kafin ranar Asabar ɗin nan, Umma ta je Tarauni ita kaɗai, ta ce min unguwa za ta. Ta zaunar da Inna ta bar mata wasiyya. Ba ta yi maganar ɗaki ko zannuwa ba. Cewa ta yi za ta kawo mata tukunya, ta ajiye keken ɗinki ta kama daddawa gadan-gadan, ta kuma lissafa mata masu saye ɗaya bayan ɗaya da irin curin da kowa yake so. Sannan ta roƙe ta kada ta nuna a gabana cewa sun riga sun yi maganar.

"Na ce mata Yaya, ni ina zan iya wannan wahalar? Ta ce dole ki iya. Yarinyar nan saura mata shekara biyu. Ko ina raye ko ba na raye, kada ki bari ta bar makaranta."

Na ajiye kwanon da ke hannuna. Umma na can tsakar gida tana raba wa baƙi tuwo, tana yi wa wata faɗan ta cika miya.